Shiga Da Sauƙi, Fita Da Tsada: Warware Zaɓin Haraji Ga Ƙaramin Ɗan Kasuwa A Amurka

 

Sharhinmu na yau zai kai mu Amurka, kuma ya shafi 'yan'uwanmu da ke neman halalinsu a can: masu tuƙa manyan motocin dakon kaya, masu shagunan kayan abincin Afirka a unguwar Bronx ta birnin Niyok, mata masu shagon kitso, da masu sayen motoci a wurin gwanjo suna lodinsu a jirgin ruwa zuwa Kwatano da Legas. Ya kuma shafi iyalansu da ke gida, domin sau da yawa kuɗin da ake jira a Kano ko Maraɗi ko Kumasi daga ribar irin waɗannan sana'o'i yake fitowa. Idan haraji ya cinye ribar, har tukunyar gida sai ta ji a jikinta.

Batun shi ne wata takarda da ɗan kasuwa ke cikewa ya aika wa hukumar tara haraji ta Amurka, wato IRS, yana cewa ga yadda yake so a riƙa lissafa masa haraji. Cike ta ba ya ɗaukar yini guda, kuma ba a biyan ko sisi wurin aika ta. Amma ranar da mutum ya ce ya fasa, yana son komawa yadda yake a da, nan ne zai gane cewa ya ɗaura wa kansa igiya mai ƙulli da yawa. Abin da nake son mu fahimta yau shi ne yadda ake kwance wannan ƙulli ba tare da an yi asarar da ta fi ta farko ba.

Sai mu faro daga tushe. Da yawa daga ƙananan 'yan kasuwa a Amurka suna yin rajista ne da wani nau'in kamfani da ake kira LLC. Jihar Wyoming ce ta fara yin dokarsa a 1977, daga baya sauran jihohi suka bi sahu. Amfaninsa shi ne raba dukiyar mutum da bashin sana'arsa: idan kamfani ya ci bashi ko aka kai shi ƙara, galibi ba a taɓa gidan mai shi. To amma rajistar LLC aikin gwamnatin jiha ne, haraji kuwa na gwamnatin tarayya. Tun daga ranar 1 ga Janairun 1997, ƙa'idar da ake bi ita ce, idan mai LLC bai ce komai ba, IRS za ta ba shi matsayi da kanta. In mutum ɗaya ne, za ta ɗauke shi da kamfaninsa a matsayin abu guda, ya haɗa ribar sana'a a cikin takardar harajinsa ta shekara. In su biyu ne ko fiye, za ta ɗauke su 'yan haɗin gwiwa, kowa ya biya haraji a kan kasonsa. Wanda bai gamsu da wannan ba yana da damar zaɓi. Zai iya cike fom mai lamba 8832 ya ce a ɗauki kamfaninsa a matsayin cikakken kamfani mai biyan harajin kansa, wanda ake kira matsayin C. Ko kuma ya cike fom mai lamba 2553 ya nemi matsayin S.

Wannan matsayi na S shi ne ke jan hankalin mutane. Majalisar dokokin Amurka ta ƙirƙire shi a 1958, zamanin shugaba Eisenhower, don ƙananan kamfanoni su huta da biyan haraji sau biyu. A lokacin masu hannun jari ba su wuce 10 ba, yanzu an kai adadin zuwa 100. Kamfanin da kansa ba ya biyan harajin riba ga tarayya, ribar tana gangarowa ne kan masu shi. Amma abin da ya fi kwaɗaitar da mutane shi ne wani haraji daban. Mai sana'ar kansa a Amurka yana biyan kashi 15.3 cikin ɗari na kusan dukan ribarsa don asusun fansho na gwamnati da inshorar lafiyar tsofaffi, ban da harajin kuɗin shiga. A ƙarƙashin matsayin S kuwa, mai kamfani yana zama ma'aikacin kamfaninsa, ya yanka wa kansa albashi, a cire wannan kashi 15.3 daga albashin kawai. Ragowar ribar ya ɗauke ta ba tare da wancan haraji ba.

Nan ne masu bidiyo a TikTok da YouTube suke tsayawa. Za su ce maka ka cike takarda ɗaya ka tsira da dubban daloli. Ga wanda ribarsa ke da kauri, maganar gaskiya ce. Ga wanda ke fafutukar tsayawa da ƙafafunsa, rabin gaskiya ce, kuma rabin da aka ɓoye shi ne mai ciwo.

Mu yi lissafi tare. A ce mutum ya samu ribar dala 50,000 a shekara. In bai zaɓi komai ba, wancan haraji zai kama kimanin dala 7,065. In ya zaɓi matsayin S ya yanka wa kansa albashin dala 40,000, zai biya dala 6,120. Rarar ba ta kai dala 1,000 ba. A cikin wannan rara zai biya kamfanin da ke shirya masa takardun albashi, ya riƙa aika rahoton albashi duk wata uku, ya biya akanta ladan cike takardar harajin kamfani mai lamba 1120-S, wadda wa'adinta 15 ga Maris ne, wata guda kafin na sauran jama'a. In ya makara, tara ce ta fiye da dala 200 a kan kowane mai hannun jari, a kowane wata, har tsawon wata 12, ko da kamfanin bai ci ribar kwabo ba. Jihar Kalifoniya tana karɓar kashi 1.5 na ribar irin wannan kamfani, kuma ba ta karɓar ƙasa da dala 800 a shekara. Birnin Niyok, inda da yawa daga mutanenmu suke, bai ma san da matsayin S ba a harajinsa na birni, yana ɗora wa kamfanin harajin kashi 8.85. Ka ga an gudu ba a tsira ba.

Wani zai ce ai sai ya rage albashin ya koma ɗan kaɗan, rarar ta ƙaru. Wannan hanya an bi ta, an kuma ga ƙarshenta. Doka ta ce albashin dole ya dace da aikin da mutum yake yi. Akwai shari'ar wani akanta a jihar Iowa da ya yanka wa kansa albashin dala 24,000 a shekara, alhali yana kwasar kusan dala 200,000 da sunan riba. IRS ta ja shi, kotu ta ce albashin da ya dace da shi ya haura dala 91,000, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2012. Idan akanta bai sha ba, direban tirela ba zai sha ba.

Saboda haka ne bayan shekara ɗaya ko biyu, mutane da yawa ke zuwa wurin akanta suna cewa a warware musu. Wani kasuwa ce ta ja baya. Wani ya samu aikin albashi, sana'ar ta koma ta gefe. Wani yana son shigo da abokin tarayya da doka ba ta yarda da shi a matsayin S ba. Duk dalilai ne masu kyau. Tambayar ita ce, ta yaya ake fita?

Mu fara da soke matsayin S. Babu wani fom na musamman da aka tanada. Wasiƙa ce kamfani zai rubuta zuwa ofishin IRS da ya karɓi takardarsa ta farko, ya ambaci sunansa da lambar harajinsa, ya ce ya soke zaɓinsa, ya faɗi yawan hannayen jarin da ke akwai da ranar da yake so sokewar ta fara aiki. A haɗa da takardar amincewar masu hannun jari, kowa da sa hannunsa bisa rantsuwa. A nan akwai abin lura ga masu haɗin gwiwa. Ranar shiga, sai kowa ya sa hannu, ko mutum ɗaya ya ƙi ba a shiga. Ranar fita kuwa, amincewar waɗanda suka mallaki fiye da rabin jari ta isa. Wato wanda ke da kashi 40 zai iya wayar gari ya tarar an sauya masa tsarin haraji ba da yardarsa ba, matuƙar ba su rubuta wata yarjejeniya tsakaninsu tun farko ba.

Sai batun lokaci. Ga kamfanin da shekararsa ke farawa a Janairu, idan wasiƙar ta tafi daga farkon shekara zuwa 15 ga Maris, za a iya lissafa sokewar tun daga 1 ga Janairun wannan shekara. Idan ta wuce wannan rana kuma ba a ambaci wata ranar ba, sai shekara mai zuwa. Ana iya zaɓar wata rana a tsakiyar shekara, muddin ba ta gabaci ranar aika wasiƙar ba, amma hakan zai raba shekarar gida biyu, a cike takardun haraji iri biyu, akanta kuma ya karɓi lada biyu. Wanda ya aika wasiƙar sannan ya sake tunani yana da damar janye ta, amma fa kafin ranar da za ta fara aiki. Da zarar ranar ta shiga, bakin alƙalami ya bushe.

Yanzu mun zo wurin da mafi yawan mutane ke faɗawa rami, kuma ina roƙon masu sauraro su ba ni kunnuwansu sosai. Mai LLC yana zaton idan ya soke matsayin S zai koma inda yake kafin ya shiga. Ba haka dokar take ba. Ranar da ya cike fom 2553, IRS ta ɗauka ya yi zaɓi biyu a lokaci guda: na farko, a ɗauki LLC ɗinsa a matsayin cikakken kamfani, na biyu, a ba wannan kamfani matsayin S. Wasiƙar sokewa na biyun kawai take cirewa. Na farkon yana nan daram. Sai mutum ya tsinci kansa a matsayin C, inda ake biyan haraji hawa biyu.

Ga yadda hawa biyun yake. Tun 2018 harajin kamfani a Amurka kashi 21 ne. A ce kamfanin ya ci ribar dala 100,000. Zai biya dala 21,000, saura dala 79,000. Idan mai shi ya ɗebe ragowar a matsayin rabon riba, ga masu matsakaicin samu za a ƙara cire kashi 15, wato dala 11,850. Jimilla dala 32,850 ke nan, ban da abin da jiha za ta karɓa. Matsayin C yana da nasa amfani ga kamfanin da ke barin ribarsa a ciki don ya girma, ko mai neman manyan masu zuba jari. Amma ga mutumin da ribar ce abincin gidansa, wannan nauyi ne da bai shirya ɗauka ba. Ya je neman sauƙi, ya dawo da ƙarin kaya.

Wanda ke son komawa matsayinsa na asali, fom 8832 ne hanyarsa. Ita ce takardar da ke ce wa IRS ta daina ɗaukar LLC ɗin a matsayin cikakken kamfani. Ranar fara aikinta ba za ta wuce kwana 75 baya daga ranar aikawa ba, ba kuma za ta wuce wata 12 gaba ba. Da zarar ta fara aiki, matsayin S ya faɗi da kansa, tunda babu sauran kamfanin da zai riƙe shi. Sai dai a kan wannan hanya ma akwai shinge biyu.

Shinge na farko shi ne ƙa'idar wata 60. Idan kamfani ya sauya matsayinsa ta hanyar zaɓi, ba zai sake sauyawa ta zaɓi ba sai bayan shekara biyar cif. Misali, mace ta buɗe shagonta a 2021 tana biyan haraji a matsayin mai sana'ar kanta, sannan ta zaɓi matsayin S daga Janairun 2024. Wannan sauyi ne, don haka ƙofar komawa a rufe take har Janairun 2029. Amma dokar ta yi sassauci ga wanda zaɓinsa ya fara aiki tun ranar da aka kafa kamfanin. Shi bai sauya komai ba, da haka aka haifi kamfaninsa, saboda haka wata 60 ba ta hau kansa ba. Kun ga ke nan kwanan watan da ke jikin takardar farko shi ne ke raba wanda zai fita gobe da wanda zai jira shekaru. Haka kuma, idan fiye da rabin mallakar kamfanin ya koma hannun sababbin mutane, IRS na iya ba da izinin sauyawa kafin wa'adi, sai dai neman irin wannan izini na musamman yana cin dubban daloli da watanni na jira.

Shinge na biyu ya fi na farko tsada. A idon doka, komawa daga cikakken kamfani zuwa matsayin asali daidai yake da rushe kamfanin. Ana ɗauka cewa a ranar da ta gabaci sauyin, kamfanin ya miƙa wa mai shi duk kadarorinsa da basussukansa, kuma ana lissafa miƙawar tamkar an sayar da kayan a farashin kasuwa na wannan rana. Ba abin da ya motsa, shago yana inda yake, mota tana kan hanya, asusun banki bai ƙaru da dala ɗaya ba, amma haraji ya hau.

Mu ɗauki mai tirela. Ya saye ta dala 120,000 da sunan kamfani, akantansa ya yi amfani da damar da doka ta bayar ya cire kuɗin motar gaba ɗaya daga riba a shekarun farko, haraji ya yi sauƙi, kowa ya ji daɗi. A littafin haraji darajar motar ta koma sifili. A kasuwa kuwa har yanzu za ta yi dala 70,000. Da zarar fom 8832 ya fara aiki, doka za ta ce ya ci ribar dala 70,000, kuma dole ya biya haraji a kanta da kuɗin da bai shigo hannunsa ba. Lissafin bai tsaya a kan mota da injina ba. Gini ko fili da ya ƙara daraja yana ciki. Har sunan da sana'a ta yi da amincin da ta samu wurin abokan ciniki, in suna da ƙimar da wani zai saya, suna iya shiga ciki.

Shi ya sa tsarin da aka bi wajen fita yake da muhimmanci ƙwarai. Idan wannan rushewa ta faru kamfani yana matsayin S, ribar tana gangarowa kan mai shi, galibi harajin hawa ɗaya ne. Idan kuwa ya riga ya aika wasiƙar sokewa ya faɗa matsayin C, sannan daga baya ya gane kuskurensa ya aika fom 8832, to kamfani zai biya nasa kashi 21, shi ma ya biya nasa a kan abin da ya karɓa. Takardu biyu ne, amma wadda aka fara aikawa tana iya zama bambancin dubban daloli.

Daga nan ne za mu fahimci wanda fita ke yi wa sauƙi. Mai sana'ar da jarinta hannunsa ne da basirarsa, ba shi da kadarar da ta wuce kwamfuta da tebur, zai iya fita da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wanda kamfaninsa ya tara motoci ko ya mallaki gini, wani lokaci zama a matsayin S da gyara tafiyarsa ya fi masa arha a kan fita. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai masu ba da shawarar a rufe tsohon kamfanin a ofishin jiha a buɗe sabo. Ana yin haka, amma bai kuɓutar da mutum daga harajin rushewa ba, don wannan ma rushewa ce ta zahiri. Ga kuma sabuwar lambar haraji, sabon asusun banki, sabon lasisi, sabuwar inshora, da sake ƙulla yarjejeniya da duk abokan hulɗa.

Wanda ya bar matsayin S kuma ya sani cewa ba zai dawo da wuri ba. Doka ta hana sake zaɓarsa har shekara biyar sai da izinin IRS, kuma hanin yana bin kamfanin da ya gaji na farko. In sokewa ta fara aiki a Janairun 2026, sai Janairun 2031 za a sake shiga. Shekara biyar ba wasa ba ce a rayuwar ƙaramar sana'a. Wanda ya fita saboda shekara ɗaya ta yi masa tsami, kasuwa na iya buɗe masa a shekara ta gaba, ya zauna yana kallon rarar da da ya samu tana wuce shi.

Wata dama kuma da ake yawan bari ta kuɓuce: idan kamfani ya koma matsayin C, ribar da ya tara lokacin yana matsayin S an riga an biya harajinta. Doka ta ba da wa'adin kimanin shekara guda a fitar da wannan kuɗi, tsabarsa, a ba masu shi ba tare da sabon haraji ba. Wanda ya yi sakaci wa'adin ya wuce, yana iya biyan haraji a karo na biyu a kan kuɗin da ya riga ya wanke.

Sai wani ɓangare da ya shafi mutanenmu kai tsaye. Matsayin S bai yarda baƙon da ba mazaunin Amurka ba ya riƙe ko hannun jari ɗaya. Ɗan ƙasa zai iya, mai katin zama na dindindin zai iya, haka ma wanda ya cika ƙa'idar kwanakin zama da dokar haraji ta gindaya. Amma yayanka da ke Zinder ko ƙaninka da ke Zariya, wanda ya taimaka maka da jari kana son ka saka masa da alheri, ranar da ka rubuta sunansa cikin masu kamfani, ranar ce matsayin S ya mutu, ba tare da wasiƙa ko sanarwa ba. Kamfanin ya zama na C kai ba ka sani ba, kana ta cike takardun da ba su dace ba, har ranar da bincike ya zo. A jihohi irin su Tekzas da Kalifoniya, inda doka ke ɗaukar dukiyar da aka samu cikin aure ta miji da mata ce tare, ko matar da ke zaune a gida Najeriya ko Nijar tana iya zama dalilin wannan matsala. Idan kuma tun ranar farko akwai irin wannan mutum a cikin masu LLC ɗin, to zaɓin bai taɓa inganta ba, hanyar gyaransa ma daban ce. IRS tana da tsarin yafiya ga wanda ya karya ƙa'ida ba da gangan ba, amma sai an nema, an gyara, an kuma biya. Zumunci abu ne mai kyau, sai dai a nemo masa hanyar da ba za ta rushe sana'ar da ake zumuncin da ita ba, kamar rubuta kuɗin a matsayin rance mai takarda.

To mene ne hukuncinmu a kan wannan doka? A ganina, tsaurin da aka yi wa ƙofar fita yana da hujja. Da an bar kowa ya riƙa sauya matsayi duk shekara, da masu manyan lauyoyi sun mayar da abin wasan ɓuya, su zama kamfani a shekarar riba, su zama mutum a shekarar asara, nauyin ya koma kan ma'aikacin da ake cire masa haraji tun kafin albashi ya shigo hannunsa. Inda nake ganin laifi shi ne wurin masu tallata shiga ba tare da faɗin sharaɗin fita ba. Duk akanta ko mai cike takardu da ya sa mutum mai ribar dala 30,000 ya zaɓi matsayin S, bai zaunar da shi ya gaya masa batun albashi da wata 60 da harajin rushewa ba, ya ci amanarsa. Kuma abin takaici, wani lokaci ɗan'uwa ne ke yi wa ɗan'uwa, a cikin harshen da suke ji, da yardar da ke tsakanin 'yan gari ɗaya a baƙon wuri.

Mu ma da namu kason. Muna sa hannu a takardar da ba mu karanta ba, muna jin kunyar tambaya kada a ce ba mu waye ba. Mafi muni shi ne wanda ya gaji, sai kawai ya daina biyan kansa albashi, ya daina aika takardar kamfani, ya koma cike haraji yadda yake yi a da, yana zaton shirunsa ya soke zaɓin. A kwamfutar IRS kamfaninsa yana nan a matsayin S, tara tana taruwa wata bayan wata. Harajin da aka cire daga albashin ma'aikata kuma ba a miƙa ba, doka na bin mai kamfani da shi a ƙashin kansa, rajistar LLC ba ta kare shi.

Saboda haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke cikin wannan hali, ga abin da nake ba ku shawara. Ku nemo wasiƙar da IRS ta aiko lokacin da ta amince da zaɓinku, ku duba ranar da ya fara aiki, ku gwada ta da ranar da aka yi wa kamfanin rajista. Ku rubuta duk abin da kamfanin ya mallaka, da farashinsa a kasuwa yau, da darajarsa a littafin haraji. Ku ɗauki waɗannan ku kai wa akanta mai lasisi ko wakilin haraji da IRS ta amince da shi, ku ce ya lissafa muku hanyoyi uku a rubuce: zama a matsayin S, komawa matsayin C, da komawa matsayin asali. Ku tambaye shi abin da jiharku da birninku za su ce, don ba kullum suke bin tarayya ba. Ku yi wannan tun a watan Disamba ko Janairu, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk takardar da za ku aika kuma, ku aika ta ta gidan waya da rasit mai shaidar kwanan wata, ku adana kwafi, ku bibiya har amsa ta zo a rubuce.

Wanda kuma bai shiga ba tukuna, yana jin ana ta yaba masa matsayin S, kafin ya sa hannu ya tambayi mai ba shi shawara abu ɗaya: in na so fita, yaushe zan iya, kuma nawa zai ci mini? In ya kasa amsawa dalla-dalla, ka ɗauki takardarka ka nemi wani.

Masu sauraro, wanda ya ji wannan sharhi kuma yana da ɗa ko ƙani ko miji da ke sana'a a Amurka, ya isar masa da saƙon tun kafin 15 ga Maris. Allah ya sa wa nemanmu albarka, ya kare mu daga asara.